Daga Hanyar Gwanja Zuwa Sahun Kujeru: Tarihin Ƙarfin Jikin Iyayenmu Mata

  

'Yan'uwa masu karatu, duk wanda ya kai hamsin a Zangon nan na Kumasi ya riski lokacin da ba a ajiye kujera a masallaci. Yau kuwa, daga Aboabo zuwa Sawaba, daga Asawase zuwa Sabon Zango, kujerun roba sun zama sahu guda a ɓangaren mata. Shari'a ba ta hana ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar ya yi salla a zaune, kuma babu mai ikon ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Abin da ya dame mu shi ne shekarun masu zaman. Da yawansu ba su cika hamsin da biyar ba. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: gwiwa, ko baya, ko ƙugu, "Malam, ai girma ya zo." To, shin haka kakanninmu mata suke a waɗannan shekaru? Wannan tambayar ce ta sa muka waiwayi tarihi.

Bari mu fara da kalma, tunda sana'armu ke nan, ɗaliban nahawu kuma su buɗe kunne. A Suratun Nur, aya ta 60, Allah Ya ambaci wani rukunin mata da sunan ƙawa'id, Ya sassauta musu a sha'anin mayafi muddin ba bayyana ado suke nufi ba. Asalin kalmar daga ƙa'ada ne, wato ya zauna. Daga nan wasu suka ɗauka cewa mace in jinin al'ada ya yanke mata, to aikinta ya koma tabarma da carbi. Amma malaman lugga sun bambanta. Tilon kalmar a wannan aya ƙa'id ne, babu ta'i a ƙarshe, kamar yadda ake cewa ha'id da hamil, don siffa ce da ta keɓanci mace, kuma ma'anarta wadda ta zauna ga barin haila da haihuwa. Wadda ta zauna a ƙasa da jikinta ita ce ƙa'ida, da ta'i. Jam'insu ne ya zo ɗaya. Kun ga harafi guda ya raba tsakanin hutun mahaifa da hutun ƙafafu.

Haka zancen yake ga abin da littattafan fiƙihu ke kira sinnul ya'si, shekarun yanke ƙauna. An ciro sunan daga aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka sanya wa irin waɗannan mata idda ta wata uku. Ƙaunar da aka yanke a wurin ta dawowar haila ce kawai. Ba mu ga malamin tafsirin da ya kai ta ga lafiya ko amfani ba.

Matan farko ma ba su fahimce ta haka ba. Safiyya 'yar Abdul Muɗɗalibi, gwaggon Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallama, ta haura hamsin a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa ta sauko daga ganuwar da aka tara mata da yara, da sandar tanti a hannunta, ta gama da mai leƙen asirin da ke zagaya wurin. Abu Dawuda ya ruwaito tseren ƙafa da Annabi ya yi da Nana A'isha har sau biyu: ta tsere masa tana siririya, ya tsere mata bayan ta yi jiki. Sannan ga Uwar Muminai Sauda, mace mai nauyin jiki da jinkirin tafiya, wadda ta nemi izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso, aka ba ta. Sunna ta ɗauki mai ƙarfi da mai rauni gaba ɗaya, kowace da matsayinta.

Mu dawo gida. Zangon nan da muke ciki goro ne ya haife shi. Shekaru aru-aru fatake na tasowa daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Borgu su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da ake kawowa daga dazukan Asante, su juya. Tafiyar zuwa kaɗai takan ci wata biyu ko uku. Yawanci in ana ba da wannan labari madugu ake ambata, da jagaba, da jakuna. Ana mantawa da mata. A shekarar 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato shekara guda bayan haka, ya gamu da ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka, kuma ya rubuta cewa ya ga mata ɗauke da kaya masu nauyin gaske a ka, wasu bayi ne, wasu kuma 'yan ƙodago da suka yi jinga. In an sauka zango kuma su ne masu neman ruwa da itace da ɗora tukunya. Namiji ya kwance jaki ya miƙe ƙafa, ita kuwa a lokacin ne aikinta na biyu zai fara.

A nan dole mu faɗi gaskiya, kada mu yi wa tarihi kwalliya. Kayan da baiwa ta ɗauka daga Salaga zuwa Kano zalunci ne, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan dawowarsa. Wanda yake son ganin ragowarsa ya je Kejetia ya dubi 'yan matan nan kayaye da ke zuwa daga Arewa, ya tambaye su wuyansu da bayansu. Nauyin da ya wuce kima yana karya jiki ne. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne, a cikin wannan ayari akwai kuma mata 'yantattu masu jarinsu, waɗanda shekaru ba su hana su hanya ba. Misali sananne shi ne Amarya, mahaifiyar Alhaji Alhassan Ɗantata wanda aka haifa a Bebeji a 1877. 'Yar kasuwa ce mai dukiya, kuma bayan rasuwar mijinta Madugu Abdullahi ta baro ƙasar Kano ta zo ta zauna a Ankara, wato Akra, ta ci gaba da harkarta. Babu jirgin ƙasa tsakanin Kano da teku a lokacin, balle mota.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu a matsayinmu na masu karantarwa shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Da ta ga matan ƙauyuka na cikin jahilci, kuma matan aure masu goyo ba su iya barin gida, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Wa ta zaɓa su ɗauki karatun? Dattawan mata waɗanda suka gama haihuwa, tare da 'yan mata ƙanana da ba su yi aure ba. Shugabar kowace ƙungiya ana kiranta jaji, sunan da ake kiran jagoran ayari da shi, kuma Nana na naɗa ta da malfa da jan rawani. Jaji ta tattaro matan garinta, su tako da ƙafa har inda Nana take, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu da za a raba wa mabuƙata, su koyi waƙoƙin karantarwa na tsarki da salla da tauhidi, su koma su koyar a cikin gidaje. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin. Ku duba da kyau: shekarun da muke ce wa mace "ki huta" su ne shekarun da 'yar Shehu ke ba ta muƙami da hanya. Ilimin da ya isa ƙauyukan Sakkwato a kan ƙafafun ƙawa'id ya isa.

Yadda muka zo Kumasi kuwa sananne ne, ba za mu daɗe a kansa ba. Akwai Musulmi a garin tun da, har Turawan da suka zo a 1817 da 1820 sun same su kusa da fada. Amma bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874 Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa kasuwarta, mutane suka bazu Kintampo da Kete-Krachi da sauran wurare. Cikinsu har da babban malaminmu Alhaji Umaru Karki, wanda ya rasu a 1934. Bayan 1900, da zuwan jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903, sai fatake suka matso bakin gonar goro, Zango ya cika.

Kuma a ƙasar da muka sauka mun tarar da masu masaukinmu na girmama macen da jini ya yanke wa. A al'adar Asante irin wannan mace takan shiga wuraren da mai haila ba ta shiga, a ji maganarta a sha'anin sarauta da yaƙi. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, tana wajen shekara sittin lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi Kujerar Zinariya a watan Maris na 1900, ta jagoranci yaƙin da aka yi wa sansanin Turawa ƙawanya a tsakiyar garin nan. Ta rasu a tsibiran Seshel a 1921. Kakannin wasunmu suna cikin sansanin sanye da kakin Turawa, amma wannan zancen wata rana ne. Ba aƙidarsu muke ɗauka ba, a'a, shaida ce dai cewa a garin nan ba a taɓa ɗaukar mace mai sittin a matsayin wadda ta gama yawo ba.

To, ina ƙarfin ya fito? Daga aikin yini. Mun taso mun tarar da iyayenmu mata na tashi kafin kiran assalatu. Mai koko ta niƙa gero a kan dutse tana durƙushe. Mai tuwo ta surfa, ta daka, ta tankaɗe, sannan ta tuƙa babbar tukunya da muciya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe muciya a tuwon biki ya san ba wasa ba ne. Mai wake da shinkafa ta ɗora tukunyarta a ka zuwa bakin titi. Ruwa a rijiya yake ko a rafi, guga ake ja. A wanke goro, a zaɓe, a jera a ganyen fita, a ɗaure huhu. Kulle bai yi ƙarfi a nan kamar Kano ba, don haka ƙafa ce motar zuwa kasuwa da suna da gaisuwar mutuwa. Mace ta durƙusa ta miƙe sau ɗari a yini ba ta ƙirga ba. Babu wadda ta kira wannan motsa jiki, sunansa aiki, amma cinyoyi da kafaɗu da ƙashin baya ba su san bambanci ba.

Sai sauƙi ya riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan famfo daga madatsar Owabi a ƙarshen shekarun 1920, sannan Barekese a farkon shekarun 1970. Injin niƙa ya zo, har maƙwabtanmu suka ari kalmarmu suna ce masa nika-nika. Gas ya kori itace a gidaje da yawa. Yanzu har sakwara inji ke kirɓawa. Tafiyar da ake yi a ƙafa ta koma ta torotoro, ta minti goma kuma ta koma ta pragya. Duk ni'ima ce, alhamdu lillahi, kuma ba mu ce a mayar da kowa bakin dutsen niƙa ba. Sai dai aiki ya tafi, kwanon bai ragu ba, bal ma ƙaruwa ya yi da suga da mai da lemon kwalba. Ga kuma tsohon ra'ayinmu cewa ƙiba ita ce shaidar miji na kula da matarsa, har wasu na sayen maganin ƙiba kafin biki don yayi ya zauna musu. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2014 ya nuna mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Ghana nauyinsu ya wuce kima. Cikin zuriya biyu kacal wannan canji ya faru.

Inda abin ya fi tsanani shi ne daidai lokacin yankewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55, kuma binciken da likita Kwawukume da abokansa suka wallafa a 1993 ya sami matsakaicin matan Ghana a wajen 48. Likitoci na ƙirga shi ne in an yi wata 12 a jere babu jini. A wannan lokaci wani sinadari da ƙwayayen mahaifa ke samarwa, mai suna istirojin, yana raguwa ƙwarai. Shi ne ke taimakawa wajen riƙe ƙarfin ƙashi, don haka in ya ja baya ƙashi kan fara zaizayewa da sauri, tsoka na raguwa, kitse na komawa ciki. Ga zafin da ke taso wa mace kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da saurin fushi. Sau nawa ake zuwa wurin malamai neman ruƙya a kan wannan, ana zargin kishiya ko iska? Addu'a alheri ce kullum, amma zargin baiwar Allah da sammu a kan abin da yake halitta ce zunubi ne.

Abin farin ciki, tsoka da ƙashi suna amsa kira ko a tsufa. A 1990 likita Maria Fiatarone ta wallafa gwajin da ta yi a gidan tsofaffi a Boston ta Amurka, inda mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 suka riƙa ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. A 1994 kuma Miriam Nelson ta Jami'ar Tufts ta gwada mata masu shekara 50 zuwa 70, kwana biyu a mako har shekara guda. Kaurin ƙashin ƙugu da na baya ya ɗan ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100 ga masu ɗaga nauyin, na waɗanda ba su yi ba kuwa ya ragu da wajen kashi 2. A kan irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wato abin da turmi da guga ke ba kakarmu kyauta, jikarta sai ta ware masa lokaci da niyya.

Wani zai ce ai salla ta isa motsa jiki. Salla ibada ce, kada mu rage mata daraja da wannan lissafi, kuma ruku'u da sujada ba sa ɗora wa ƙashi nauyin da yake buƙata. Sallar ce ma ke buƙatar ƙarfin. Haka aikin Hajji: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kusa kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Hajiya ta tara kuɗin kujera shekara goma ba ta tara ƙafar da za ta kai ta ba, sai a ƙare a keken turawa.

Wani kuma zai ce, to mu tura matanmu su bi 'yan kif-fit da ke gudu da kiɗa ranar Asabar a kewayen filin wasa na Baba Yara, maza da mata a cakuɗe? Ba mu ce ba. Tsarin Nana Asma'u ya ishe mu: mace ta koyar da mata, a wurin da ya suturta. Muna da magajiyoyi a kowace unguwa waɗanda in suka kira taron biki babu mai makara. Muna da 'ya'yanmu mata da suka karanta aikin jinya da gashin ƙashi. Muna da farfajiyar makarantu da ke zama babu kowa bayan asuba. Kayan aikin ma ba sai an saya ba. Tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, a huta, a sake. Tura bango da hannu biyu. Hawa matakala. Litar ruwa kilo guda ce, don haka galan ɗin Kufuor da ke kowane gida ma'auni ne: a fara da lita biyu ko uku, a riƙa ƙarawa sannu a hankali duk mako biyu, baya a miƙe, kada a riƙe numfashi. Ƙarin nan na sannu-sannu shi ne ya raba wannan da wahalar kayaye. Ku kuma maza, wanda ya yarda Hajiya ta kwana uku a hidimar biki, ba mu ga da wane baki zai hana ta minti arba'in na lafiyarta ba. Ɗalibai, ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku raka su in sun fita tafiya.

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko wadda gwiwarta ta riga ta kumbura, ta fara zuwa a auna ta tukuna, ko a asibitin Manhyia ko Komfo Anokye ko na kusa da ita, ta gaya musu abin da take son farawa.

Saura mas'ala guda da ake yawan kawo mana. A mazhabar Malikiyya, jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70 ana tambayar mata masana a kansa, in sun ce haila ce ko suka yi shakka, to haila ce, ta bar salla. Bayan 70 kuwa ba haila ba ne ko kaɗan. Wannan hukuncin ibada ke nan. Amma ta fuskar lafiya, duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da yankewa, ko ɗigo ne, sai likita ya duba shi da wuri, don wani lokaci alama ce ta ciwon dajin mahaifa, wanda ake iya magancewa in an kama shi tun farko. Ta tambayi malam hukuncin sallarta, ta kuma je asibiti a makon nan, kada ta jira ya sake zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.